Dakushe Da Dusashe: Ina Wanda Ya Yi Aikin?

Gab da faɗuwar damina aiki ya kai ni Gantsa, hedkwatar ƙaramar hukumar Buji ta Jihar Jigawa. Da na gama abin da ya kai ni, ina jiran mota, sai na raɓa wata maƙera a gefen kasuwa don in sha inuwa. Lokacin kuwa na maƙera ne, domin kowane manomi ya zaro kayan aikinsa daga inda ya jingine su tun bayan kaka. Ina zaune sai ga wani saurayi, da ganinsa ka ga ɗan makaranta, ɗauke da fartanya biyu da garma. Ya durƙusa ya gai da maƙerin, sa'an nan ya ce, "Baba, wai in ji mahaifina a gyara waɗannan, duk sun dusashe."

Maƙerin ya ajiye masaɓa, ya karɓi fartanya ɗaya, ya shafa bakinta da babban yatsa. Ya ce, "Ɗan nan, fitila ka kawo mini ko fartanya? Fartanya dakushewa take yi." Ya juya ta, ya nuna masa wani giɓi a bakin, ya ce, "Wannan kuwa ba ita ta yi wa kanta ba. Wani ne ya sari dutse da ita. Wane ne?" Saurayin ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ba sai an faɗa ba, kowa ya gane.

Gyara biyu dattijon nan ya yi wa yaron a numfashi ɗaya. Na farko ya mayar da kalma mazauninta, na biyu ya nemi wanda ya yi aikin. Tun daga ranar nake juya zancen a raina, domin na lura mu ma'aikata, da mu 'yan jarida, da ɗaliban da za su gaje mu, duk muna bukatar gyaran nan guda biyu, na biyun ma ya fi na farkon zama wajibi.

Bari mu fara da mazaunin kalmomin. Dakushewa ta kaifi ce. Wuƙa, da aska, da lauje, da gatari, da gizago, da magirbi, su ne ke dakushewa, kuma maganinsu sananne ne. Mahauci ya wasa wuƙarsa, wanzami ya goga askarsa a fata, manomi ya kai fartanya maƙera a sa ta a wuta a koɗa bakinta. Daga nan ne Bahaushe ya ɗauki kalmar ya kai ta kan mutum, tun da yake yana cewa wane yana da kaifin basira, ko kuwa wane mutum ne kaifi ɗaya. Abin da ke da kaifi shi ke iya dakushewa, saboda haka daidai ne a ce zaman banza ya dakushe basirar yaro, ko a ce rashin biyan haƙƙi ya dakushe himmar ma'aikaci.

Dusashewa kuwa ta haske ce. Fitila takan dusashe in mai ya yi ƙasa, ko lagwani ya ƙone ba a datse shi ba, ko ƙwan ya yi baƙi da hayaƙi. Rana takan dusashe in hazo ya sauko lokacin hunturu, har mutum ya dube ta ido da ido. Rubutun da ya daɗe a takarda yakan dusashe. Idon tsoho yakan dushe, ya koma gani dishi-dishi. Shi ya sa ake cewa tauraron wane ya dusashe. Zane kuwa ba dusashewa yake yi ba, koɗewa yake yi, sai a mayar da shi marina.

Sai murya da amo. Wanda ya kwana yana waƙa, ko ya wuni yana shela, ko mura ta kama shi, muryarsa ta dushe, waɗansu kuma su ce ta disashe. Makaɗa sun fi kowa sanin wannan. In damina ta yi nisa fatar ganga takan sha danshi ta saki, amonta ya dushe, sai an shanya ta a rana ko an kanga ta a wuta kafin ta dawo da muryarta. Kalangun da ake jin sa daga wancan ƙauye da rani, da damina ba ya ƙetare unguwa. A Birnin Kudu, wadda daga cikinta aka cire Buji a 1996, akwai duwatsun nan masu amo kamar ƙararrawa in an buga su, waɗanda Bature mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg ya yi nazarinsu a 1955. Abin da ke ba su amo shi ne ba su nutse cikin ƙasa ba. Dutsen da ƙasa ta riƙe shi ta ko'ina, ko da me ka buge shi, ba ka jin komai sai ɗan tim.

Ga ɗalibai masu nazarin harshe akwai ɗan abin lura a nan. Harafin s yakan koma sh in wasalin e ko i ya biyo shi. Shi ya sa muke cewa wasa wuƙa amma washi, fasa tulu amma tulu ya fashe, dakusar da abu amma abu ya dakushe. Saiwar ɗaya ce, baki ne kawai ke neman sauƙinsa. Wanda yake son ƙarin bayani ga ƙamusun Bargery na 1934, ga na Abraham na 1949, ga kuma Ƙamusun Hausa wanda Jami'ar Bayero ta fitar a 2006.

Abu ɗaya ya haɗa kalmomin nan duka: babu wadda take nufin mutuwa. Wuƙar da ta dakushe tana nan, ba ta karye ba. Fitilar da ta dusashe ba ta mutu ba. Muryar da ta dushe tana dawowa. Kowace kalma tana ɗauke da maganinta a cikinta, har ma tana nuna maka ƙofar mai maganin, watau maƙeri, ko mai sayar da kananzir, ko hutu da ruwan ɗumi. Wanda ya musanya kalmomin ya musanya magungunan ke nan. Ka ce fartanya ta dusashe, to, mai za ka zuba mata?

In da a nan matsalar ta tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba, da na bar wa malaman Hausa aikinsu. Ƙamus yana gaya maka abin da kalma take nufi, amma ba ya gaya maka yadda ake fakewa a bayanta. Wannan shi ne ainihin abin da ya dame ni.

Kalmomin nan suna da wata ɗabi'a. Suna yarda a ambaci mai aikin, suna kuma yarda a jefar da shi, ba tare da sun sake kama ba. Masu nahawu za su ce aikatau ne da ke zama so-karɓau ya kuma zama ƙi-karɓau. Dubi matakan nan uku. Audu ya dakushe wuƙar. An dakushe wuƙar. Wuƙar ta dakushe. A jimla ta farko ga Audu a fili, ana iya kiran sa a tambaye shi. A ta biyu ya shige bayan an, amma dai mun san da hannu a ciki. A ta uku Audu ya ɓace ƙurmus, laifi ya koma kan wuƙa, sai ka ce ita ta ga dama ta daina yanka. Duk jimlolin uku Hausa ce tsantsa, babu mai kuskure a cikinsu. Abin tambaya shi ne me ya sa takardunmu na ofis da labaranmu na jarida da rediyo suka fi son ta ukun.

Kwanan baya wani rahoton ƙarshen shekara na wani ofishi, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya shigo hannuna. An rubuta shi da Turanci, an fassara shi da Hausa don a karanta wa jama'a. A shafi guda na ga sha'awar manoma ga shirin ta dusashe, na ga zuwan mata aji ya dusashe, na ga ayyukan kwamitin sun dusashe. Mai karatu sai ya ɗauka wani hazo ne ya sauko a gundumar ya rufe komai. Alhali kuwa da na bi sawu, sai na tarar takin da aka yi wa manoman alkawari ya iso bayan gero ya yi bununi, malamar ajin matan ta yi watanni ba a biya ta alawus ba har ta gaji ta zauna gida, kwamitin kuwa shugabansa bai kira taro ba ko sau ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza. Kowace dusashewa daga cikin ukun tana da mai ita, yana da suna, yana da tebur, yana karɓar albashi a ƙarshen wata.

Yanzu a kwatanta wannan da wata kalmar da ta cika kunnuwanmu a 'yan shekarun nan, watau daƙile. Daƙilewa ita ce a danne abu tun yana tasowa a hana shi miƙewa. Tun daga annobar korona ta 2020 zuwa yau da wuya a karanta labaran rana guda ba a ji ta ba. Amma a saurara da kyau a ji yadda ake gina jimlarta. Jami'an tsaro sun daƙile hari. Ma'aikata ta daƙile yaɗuwar kwalara. Gwamnati ta daƙile yunƙurin masu ɓoye abinci. Ba ka taɓa jin an ce hari ya daƙile da kansa. Inda za a yi yabo, mai aikin yana gaba da sunansa da muƙaminsa. Inda za a yi tuhuma, sai a nemi kalmar da ba ta bukatar kowa. Nasara da ubanta ake kawo ta, faɗuwa kuwa marainiya ce.

Ita daƙilen ma ana ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Cutar da aka daƙile ba ita ce wadda aka kawar ba. Agana an kawar da ita, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka a 1980. Ƙwayar shan inna ta asali an tabbatar da rabuwar Afirka da ita a watan Agusta na 2020. Amma kwalara daƙile ta ake yi, in damina ta zagayo aka sha gurɓataccen ruwa sai ta sake ɗago kai. Mai fassarar da ya cuɗa kalmomin biyu ya sa uwa a ƙauye ta saki jiki inda bai kamata ba.

Bari in kawo misalin da duk ma'aikaci da ɗalibi ya sani. Sau nawa muka ji an ce ilimin firamare na gwamnati ya dusashe? To, a duba tarihin a gani ko hazo ne. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ba kowane yaro ilimin firamare kyauta, wanda aka sani da UPE. An yi shirin karɓar yara wajen miliyan 2.3, sai ga wajen miliyan 3 sun hallara, aka yi ta horar da malamai cikin gaggawa, aka yi aji a gindin bishiya. Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, nauyin makarantun ya dawo kan jihohi da ƙananan hukumomi, malamai suka yi ta bin bashin albashi. A 1988 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da ilimin firamare, a 1991 aka rushe ta, a 1993 aka sake dawo da ita. A 1999 aka ƙaddamar da sabon shiri na ilimin bai ɗaya a Sakkwato, dokarsa ba ta fito ba sai 2004. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai mutane ne suka zauna suka yanke shi, akwai kwanan wata, akwai sa hannu. Waɗansu matakan dole ce ta sa, waɗansu ganganci ne, kuma aikin mai nazari ne ya rarrabe su. Amma wanda ya ce ilimi ya dusashe ya yi shiru, ya shafe shekara talatin na hukunce-hukunce da kalma guda.

Mutanen Buji da Birnin Kudu da Gwaram da Kiyawa, waɗanda duk 'yan Jihar Kano ne kafin a ƙirƙiro Jigawa ran 27 ga Agusta 1991, manyansu ba su manta da azuzuwan yaƙi da jahilci na zamanin Gwamna Abubakar Rimi ba. A 1980 aka kafa hukumar ilimin manya ta jihar, har ta sami lambar yabo ta UNESCO a 1983. In ka tambayi dattijon da ya koyi rubuta sunansa a irin wannan aji yaya aka yi ajin garinsu ya watse, da wuya ya ce maka ya dusashe. Zai ce an daina kawo alli da littattafai, ko an ɗauke malamin ba a turo wani ba. Ko da bai kama suna ba, ya bar an a wurin, watau ya bar ƙofar tambaya a buɗe. Mu masu takardar shaida mu ne muka koyi rufe ta.

Na san abin da waɗansu za su ce, kuma ba zancen banza ba ne. Za su ce ai Bahaushe mutum ne mai kunya da kara, ba ya ƙwaƙule ido da magana. Gaskiya ne. Mu ne muke cewa wane ya riga mu gidan gaskiya, mu ne muke amsa wa mai gaishe mu da jiki da sauƙi ko da majiyyacin yana gargara. Sakaya zance ado ne a wurinmu, kuma a gidan makoki, ko tsakanin suruki da suruki, ko gaban wanda ya haife ka, ba ni da abin da zan ce game da shi sai yabo. A irin waɗannan wurare a bar kaza cikin gashinta. Amma rahoton ofis ba gaisuwar ta'aziyya ba ce. An rubuta shi ne don wanda ke sama ya san inda zai gyara, wanda ke ƙasa kuma ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Likita ma in ya shiga ɗakin majiyyaci yakan ce sannu, da sauƙi, amma a katin asibiti ba da sauƙi yake rubutawa ba. Kuma a tuna maƙerin Gantsa bai zagi yaron ba, bai ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ya yi, wane ne, aka yi dariya aka wuce. Ana iya neman mai aiki ba tare da an ci mutuncinsa ba.

Akwai wani ƙarfe a jikin mota da babur wanda muka ari sunansa muka ce salansa. Aikinsa shi ne ya shanye ƙarar inji. Ba ya kashe injin, ba ya gyara shi, ƙarar kawai yake dusarwa don maƙwabta su yi barci. Abu ne mai amfani, duk wanda yaran da ke cire wa baburansu salansa suka tashe shi da tsakar dare zai shaida. Amma bakanike in yana neman inda inji ke ciwo, kunne yake kasawa. Kalmar dusashe ta zama salansar takardunmu. Injin yana can yana cin kansa, mu kuwa muna jin daɗin shirun.

Mu 'yan jarida ba mu da bakin zargin akawu, laifi tudu ne. A 1984 gwamnatin soja ta kafa Doka ta 4, aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda, kafin a soke dokar a watan Agusta na 1985. Wannan toshe baki ne a fili, yana da lamba, yana da wanda ya sa hannu, shi ya sa har yau ake iya ba da labarinsa. Dushewar muryar da ta fi ba ni tsoro ita ce wadda ba wanda ya umarce ta. Mai ɗauko rahoto ya dawo a gajiye, lokacin buga jarida ya matso, kiran waya guda biyu ne tsakaninsa da sanin wanda ya riƙe fayil, sai ya rubuta zancen ya dusashe ya tafi gida. Da damina ta yi ɓarna, kamar ambaliyar 2022 da ta 2024 a Jigawa, makonni biyu muna kan labarin, daga nan sai mu ce maganar ta dusashe. Maganar kuwa ba ta da ƙafar tafiya. Mu ne muka daina komawa wurin waɗanda gidajensu suka rushe mu tambaye su abin da ya iso hannunsu.

Ba cewa nake a kori kalmar daga harshe ba. Akwai abubuwan da da gaske su ke dusashewa don kansu: ganin tsoho, tawadar tsohon kundi, hasken wata in gari ya waye. A bar musu kalmarsu. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Shugaban sashen da aka kawo wa rahoto ya ga dusashe ko dakushe a kan aikin da aka ware wa kuɗi, ya ja layi a ƙarƙashinta da jan biro, ya rubuta wa a gefe, ya mayar. Edita ya yi wa wakilinsa haka. Malamin Hausa a sakandare, da na kwalejin ilimi ta Gumel, da na jami'o'in Dutse da Kafin Hausa, in ya zo kan darasin aikatau, ya ba ɗalibai labarin jarida guda su mayar da kowace jimla marar aikau zuwa mai aikau, su ga nawa ne za su mayu. Waɗanda suka ƙi mayuwa, a nan ne binciken yake.

Da na dawo ofis daga Gantsa na zaro rahotannina na wata shida na bi su ɗaya bayan ɗaya. Sau uku na yi amfani da kalmar a kan aikin hukuma. Biyu daga ciki na riga na gano wanda ya sari dutsen, kuma in Allah ya so za su fito a wannan shafi da zarar na ji ta bakinsu. Na ukun kuwa, jami'in da abin ya shafa an ce mini ya tafi taro Abuja, sai ran Litinin.